Gurbi na Goma Sha Biyu

Isma'ila mai hoto na Ƙofar Doka yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suka gaji da yi masa dariya a kanta. Fim ɗin da ake sa wa kyamara a wancan zamani hoto goma sha biyu yake ci. Shi goma sha ɗaya yake ɗauka. Ko a gidan biki yake, ko 'yan makarantar Kongo ne suka yi layi suna gyaran kwala, da lamba ta nuna sha biyu sai ya rufe idon kyamarar ya ce, "Gurbin nan da mai shi." Sai ya ɗauko ɗaya kyamarar ya ƙarasa aiki. In ya sami sarari ya rataya ta farkon a wuya, ya hau keke ya shiga cikin gari. Bayan sa'a guda ya dawo, ya naɗe fim ɗin, ya wanke shi da gurbi ɗaya wayam.

Mai gurbin kakarsa ce, Iya Sailuba, wadda ta haifi babansa. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Shekara goma sha ɗaya yana bi tana ƙi. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ƙafa ta riga ta hana ta fitowa tsakar gida, ɗakinta kuwa soro ne can ƙuryar gidansu a Unguwar Juma, irin wanda ko da rana tsaka sai mutum ya tsaya idonsa ya saba kafin ya ga inda gado yake. Isma'ila ya san in ta tafi a haka, 'ya'yansa ba za su san kamanninta ba sai da baki.

A cikin watan Sha'aban na shekarar, damina na tattara kayanta, sai magana ta ɓulla cewa akwai wani sabon fim na baƙi da fari da zai shigo bayan ƙaramar salla. Ba wanda ya gan shi. Ba wanda ya san ko sunansa. Amma duk inda masu hoto biyu suka haɗu maganar ke nan. Ran nan da hantsi Isma'ila ya taso da ita a bakinsa da ɗuminta, kyamara a wuya, lamba tana kan sha biyu. Matan gidan sun tafi barka, gidan shiru. Ya yi sallama a ƙofar soron, aka amsa daga ciki aka tambaye shi ko lafiya.

"... lafiya lau, tsohuwa. Ashe har yanzu kina nan? Ni da na taho da ƙwaryata, na ɗauka yau za a daka gumbar."

"Mayar da ƙwaryarka, mayunwaci," in ji murya daga cikin duhu. "Ni zan sha taka. Shigo, ka bi a hankali, kada ka taka mini buta."

Haka suke gaisawa kullum. Shi yana neman gumbar da ake raba wa jikoki ranar da kaka ta rasu, ita tana kiran sa mijin da bai san hanyar kasuwa ba.

"Albishirinki."

"Goro. Amma da yake kai ne, na san ko ɓawonsa ba ka kawo ba. Miji ke nan, kullum hannu na dukan cinya."

"Goro da wane haƙori?"

"Ina da magogi, ja'iri. Faɗi abin da ya kawo ka, ka cire wannan akwatin maitar daga saitina."

Isma'ila ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora kyamarar a cinya. Sannu a hankali ya fara ganin ta: tana zaune a gefen gado cikin baƙin zanenta na rini, carbi a hannu, furfura ta leƙo ta ƙasan kallabi.

"An yi miki fim, Iya. Turawa suka zauna suka ce akwai wata tsohuwa a Zariya mai zaman duhu kamar jemage, wadda ta kai wa maginan ganuwa fura, a yi mata nata na musamman."

"Na kai musu. A can na ga kakanka na wajen uwa yana satar ƙasa a aljihu. Wa ya gaya maka wannan ƙaryar?"

"Malam Walter. Shi kuma mai kawo masa kaya daga Kaduna ne ya gaya masa. Ya ce fim ne mai ƙarfin ido. Ba ya neman rana, ba ya neman fitilar walƙiyar nan da kike cewa tana tsotse jini. Hasken aci-balbal ma ya ishe shi. A ɗakin nan, kina zaune inda kike, zan ɗauke ki tsaf."

"Walter ɗan Wusasa? Wanda ya koya maka maitar?"

"Shi."

"Ya gan shi da idonsa?"

"Bai gani ba tukuna. Ba wanda ya gani. Sai bayan salla."

"Wato ku dai gardawa kun bar aiki kun zauna kuna yabon jaririn da ba a haifa ba."

"Ai ba yabo kaɗai ba ne, faɗa muke yi. Abdullahi na Kongo ya ce fim ɗin nan shi ne na ƙarshe. Ya ce hoto mai launi ya zo, baƙi da fari ya tsufa kamar ke, wannan na ban kwana ne za su yi masa, daga shi su rufe injin. Malam Walter ya ce ƙarya ne, baƙi da fari sai ya binne mu duka. Sani na Tudun Wada kuwa, wannan ba a sa shi a lissafi, kansa ba daidai yake ba."

"Me ya ce?"

"Shirme."

"Na ce me ya ce."

Isma'ila ya yi dariya. "Wai tun bara ya kamata fim ɗin ya fito, aka riƙe shi. Wai masu yin sa sun gwada shi a wani tsohon gida da ba kowa, suka ɗauki ɗaki wayam, da aka wanke sai ga mutane zazzaune. Wai shi ya sa suke ta rage masa ƙarfi, ya ƙi raguwa."

Ya jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Carbin ma ya tsaya. Can waje wata shirwa ta yi kuka a kan rimin bayan gida, ta sake yi, ta yi shiru.

"Wannan Sanin ɗan gidan wa ne?"

"Iya, mai hoton fasfo ne. Rabin mutanen da ya ɗauka kunne ɗaya gare su."

"Ya fi ku hankali." Ta gyara zama. "Kai a ganinka ni kaɗai ce a ɗakin nan?"

"Ke da gyare da ɓeraye."

"Ɗakin nan uwar mijina ta zauna a ciki. Kafin ita tata uwar mijin. Ka taɓa jin na ce ina kewa? Ka taɓa jin na ce a turo mini yarinya ta taya ni hira?"

"Don ba mai iya zama da masifarki."

"To." Ta ja carbi ɗaya. "Akwai masu iyawa."

Isma'ila ya ɗan waiga bayansa, kamar mai gyara wuyan riga. Ba komai sai adudunta da jeren tasoshi.

"Shi ma sabon," in ji ta, "yana sa wa mutum likkafani?"

Ya san za a zo nan. Laifinsa ne kuma, tun yana sabon shiga sana'a. Malam Walter ya ɗauki kakansa, Malam Shehu, a ƙofar zaure, cikin baƙar rigarsa ta rini, irin wadda ake kira kore, mai ƙyallin bugu da baƙin rawani. Isma'ila, don ɗoki, bai jira an buga hoton a takarda ba. Ya ɗauko fim ɗin da aka wanke, wanda masu hoto ke kira nagatif, ya kawo gida ya ɗaga wa kakarsa a hasken ƙofa. Shi kuwa nagatif komai a juye yake fitowa, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Ta duba ta ga mijinta fari fat daga rawani har ƙasa. Kwana arba'in bayan nan Malam Shehu ya rasu. Hoton takardar da aka kawo daga baya, ta ce a fitar mata da shi, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Iya, na faɗa miki ya fi sau ɗari. Haka fim yake. Kowa aka ɗauka haka yake fitowa. Ni ma an ɗauke ni, ga ni ina cin tuwo."

"Kai ai ko mutuwa ba ta son ka. Ranar da aka haife ka na gan ka, kamar an jiƙa ɓera. Ni dai na san abin da idona ya gani. Malam ya shiga akwatin nan da baƙar riga, ya fito da fara. Ba a yi wata biyu ba aka sa masa ta gaske. Tambayarka nake, sabon ma haka yake yi?"

"Haka yake yi. Kowane fim."

"Kuma yana gani a duhu. Ba ƙara, ba walƙiya."

"In ji Malam Walter."

"Wato ranar da ya shigo, sai ka lallaɓo ina gyangyaɗi, ka ɗauke ni ban sani ba. Ni da baƙin zanena. Da duk wanda ya zo mini hira."

Abin da Isma'ila ya shirya ke nan tun a kan keke.

"Na san halinka, ɓarawon kaza. Wannan na wuyanka fa? Tsohon. Yana ganin cikin ɗaki?"

"Wannan? Makaho ne a duhu. Sai an fita rana."

"Ka tabbata?"

"Ko giwa ce a ɗakin nan ba zai gan ta ba."

"To shi nake so."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. "Kin ce me?"

"Kurma ne kuma? Allah ya haɗa ni da miji. Na ce ka ɗauke ni da makahon, yau, ka huta in huta. Ba na son a kawo mini mai tona asirin baƙina."

"Iya, ki bari dai sabon ya zo. Bayan salla kaɗan ne. Ba sai an wahalar da ƙafarki ba, kuma ki sa zanen sallarki..."

"Zanen sallar bana na ba ƙanwarka Tani."

"Don me?"

"Ya fi yi mata kyau." Ta nuna da baki. "Buɗe adudun nan. Can ƙasa, ƙarƙashin gwado. Akwai ƙunshi."

Ya jawo adudun kusa da ƙofa don ya gani. Ƙanshin jiɓda da tsohon turare ya taso. Ya ɗaga gwado, ya ɗaga wani saƙi, hannunsa ya taɓa wani abu mai sanyi, mai ƙarfi kamar ba a taɓa wanke shi ba. Ya zaro. Farin alawayyo ne, yadi mai yawa, a ninke, ba ɗinki ko ɗaya a jikinsa. Bai taɓa ganin sa ba, amma ba ya bukatar a gaya masa ko na mene ne. Tsofaffi da yawa suna saya su ajiye.

"Iya, mayar da wannan zan yi."

"Miƙo."

"Wallahi ba zan..."

"Kai ba kullum kake zuwa da ƙwarya ba? Yau ka ga marufinta kana ja da baya? Miƙo, matsoraci. Shekara goma sha ɗaya ina tunanin akwatin nan naku, na gano shi. Baƙi yake mayarwa fari, fari ya mayar baƙi, ko ba haka ka ce ba?"

"Haka ne."

"To Malam kuskure ya yi da ya shiga da baƙi. Ni da fari zan shiga. Ya ga likkafani, ya tuɓe mini shi da kansa, ya ɗaura mini baƙin zane. In ga ta inda zai ci ni."

Isma'ila ya buɗe baki. Abin da zai ce gajere ne: nagatif rabin aiki ne, in aka buga a takarda komai yana komawa yadda yake, fari ya dawo fari. Hoton da za a rataya a bango, wanda 'ya'yansa za su gani, zai nuna ta zaune a cikin likkafaninta. Ya kai har, "Amma Iya, in aka zo bugawa..."

"In aka zo me?"

Ya dubi lambar da ke kan sha biyu. Shekara goma sha ɗaya, yau ne kaɗai ta ce to. In ya ƙarasa maganar, ba za ta yarda da fari ba, ba za ta yarda da baƙi ba.

"Ba komai. Cewa zan yi in aka zo bugawa sai an nemi babbar takarda, saboda girman hancinki."

"Hancin da ubanka ya gada, kai ka samu ragowa. Ɗaga ni."

Ya ɗauke ta. Bai san ta zama haka ba, kamar ya ɗauki dami ɗaya na kara. Ya ajiye 'yar kujera a daidai bakin ƙofa, inda rana ta faɗo, ya zaunar da ita, duhun ɗakin a bayanta. Ta warware alawayyon da kanta ta yafa, ta rufe kafaɗa, ta rufe gwiwa har yatsun ƙafa, ta ja gefe ɗaya ta ɗora a ka. Sabon yadi ne, yana ƙara in ta motsa. Ta ƙifta ido a hasken da ta yi wata takwas ba ta shiga ba.

"Ashe rana tana nan yadda na bar ta."

Ya ja da baya taku biyar. Kyamararsa irin wadda ake riƙewa a ciki ce, a sunkuya a duba gilashin da ke samanta. Ya sunkuya.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Yau dai na ga ranar da ka rusuna mini."

"Ki daina motsa baki, tsohuwa, za ki fito da baki biyu."

"Gara, in ji daɗin zagin ka."

A cikin gilashin ya ga farin yadi yana ɗaukar ido, 'yar fuskarta a tsakiya, bayanta kuwa baƙi ƙirin, ba gado, ba adudu, ba komai. Wani gajimare ya zo ya tare rana. Suka jira. Iska ta ɗan kaɗa gefen alawayyon, ko da yake ganyen dalbejiyar tsakar gida bai motsa ba. Da hasken ya dawo, ya ɗora yatsa zai danna, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya."

Ta juya kai ta dubi cikin ɗakin ta saman kafaɗarta ta dama. Ta yi magana a hankali, irin yadda mace ke yi wa wanda take jin nauyi.

"A ɗan matsa baya. Ba da ku ake ba."

Ta juyo ta dube shi. "To, ɗauka."

Ya danna.

Washegari da hantsi ya dawo. Bai yi sallama da ƙarfi kamar kullum ba, kuma bai ambaci ƙwarya ba. Ita ce ta fara.

"Wa nake ji kamar marar lafiya? Ko fim ɗin ya ƙone, an huta?"

"Ya fito."

"To kawo, me kake ɓoyewa a aljihu kamar ka sato?"

Ya sake ɗaukar ta ya kai bakin ƙofa, yau cikin baƙin zanenta. Ya zaro nagatif ɗin daga cikin takarda, ɗan murabba'i da bai kai tafin hannu ba. Ta karɓa ta gefe da gefe, yadda ta ga yana yi, ta ɗaga wa rana, ta matso da shi, ta nisanta. Sai ta fashe da dariya, har da tari.

"Ka gani! Ka gani ko! Baƙi wuluk! Ya tuɓe mini shi, ɗan banza, ya ɗaura mini rini mai kyau, wanda ko a Kano ba a samu. Kai, dubi gashina! Furfurar ta tafi! Dubi fuska fes kamar 'yar Filani. Isma'ila, ashe haka nake? Maza ka sake ni, na fi ƙarfinka, hakimi zan aura."

"Hakimin makafi."

"Kishi ke damun ka. Shekara goma sha ɗaya ana tsoron akwati, tsohuwa ɗaya ta kayar da shi da yadi."

Tana cikin dariyar sai ta yi shiru. Ta ƙara matso da fim ɗin kusa da idonta. Isma'ila ya kau da kai ya dubi dalbejiya. Ya san abin da ta gani. Duhun ɗakin da ke bayanta ya fito garau kamar ruwan randa, yadda ya kamata. Amma daidai saman kafaɗarta ta dama akwai wani abu baƙi, dogo, a tsaye, kansa da faɗi kamar naɗi.

"Tabon ruwa ne," in ji shi da sauri. "Ruwan rijiyar shago ba shi da kyau kwanan nan."

"Ka wanke shi?"

"Sau uku."

"Ya fita?"

Ya girgiza kai.

"Na ce masa ya matsa," in ji ta, murya ƙasa ƙasa. "Tun yana da rai ba ya jin magana in an zo ɗaukar hoto. Amma ka gani, ya sami rigarsa. Baƙar nan, kore. Har da rawanin. Shekara goma sha ɗaya ina ganin sa a fari duk sanda na rufe ido." Ta shafa gefen fim ɗin da babban yatsa. "Allah ya yi maka albarka, mijin wofi. Ka mayar masa da rigarsa."

Isma'ila mai hoto ne. Ya san abin da ya fito baƙi a jikin nagatif, fari ne a inda yake tsaye. Ya haɗiye wannan ma, kamar yadda ya haɗiye na jiya.

"Ba kai ka ce makaho ne ba?" in ji ta, idon nan ya dawo da tsiyarsa. "Ko giwa ba zai gani ba?"

"Haka na ce."

"To in makahon ya ga wannan, mai idon da kuke jira me zai gani? Ka gaya wa Walter da Abdullahi su je su ba Sani haƙuri."

"Kin ci, tsohuwa. Na sallama. Ke ce mai hoton, ni ɗan riƙe jaka ne."

"Da ka faɗa tun jiya da ka huta. Shiga, ƙarƙashin gado akwai 'yar ƙwarya da faifai a kai. Ɗauko. Shiga mana, ba mai cizon ka, sun san ka tun kana cikin tsumma."

Ya shiga, bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba, ya fito da ita. Ya ɗaga faifan. Gumba ce, sabuwar daka, curi uku, tana ƙanshin gero da zuma.

"Da asuba na sa 'yar'uwarka Rakiya ta daka. Ta yi ta kuka wai mugun fata ne, na ce ta yi mini shiru. Shekara nawa kana zuwa da ƙwarya kana komawa da ita wayam? Ranar da za a yi ta gaske jikoki sun fi talatin, kai kuma ba ka iya wawa ba, ɗan yatsa za ka samu. Ci taka yanzu, ina kallo."

"Iya..."

"Ci, mayunwaci. Kada ka sa mini hawaye a ciki, da gishirinta."

Ya gutsura ya kai baki. Ta yi dariya, shi ma ya yi, da gumba a bakinsa.

"Ta yi zuma?"

"Ta yi. Amma da ke kika daka da ta fi haka tsakuwa."

"Ja'iri. Ungo fim ɗinka. Je ka buga mini a takarda, babba, ni da Malam, kowa da baƙinsa. Ka kawo in gani kafin azumi."

"Takarda ta yanke, Iya. Sai an kawo daga Kaduna."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, da wani ɗan murmushi a gefen baki.

"To," in ji ta. "In ta zo."

Takarda tana nan cike da kwali a shagonsa. Lissafinsa shi ne ya ja ta da wasa har sabon fim ya iso, ya ɗauke ta a ɗaki cikin baƙin zanenta, ya buga wannan ya kai mata. Ya nuna wa Malam Walter nagatif ɗin. Malam Walter ya sa gilashin ƙara girma ya duba, ya ce haske ne ya shiga ta bayan kyamara. Ya sake faɗa, ba a tambaye shi ba. Sannan ya miƙa masa abinsa ya shiga neman wani abu a cikin durowa.

Kwana uku kafin a ga watan azumi aka daka gumba a gidan karo na biyu. Jikoki suka yi wawa. Isma'ila bai miƙa hannu ba, ya ce ya riga ya ci tasa. Alawayyon da aka ɗauko daga adudu, masu ɗinki suka ce da alama an taɓa warware shi.

Sabon fim ya iso bayan salla, kamar yadda aka ce. Waɗanda suka gwada suka ce fim ne kamar kowane fim, sai dai ya ɗan fi haƙuri da inuwa. Abdullahi ya ce ai ya faɗa, Malam Walter ya ce shi ne ya faɗa. Sani bai saya ba.

Nagatif ɗin yana rataye a ɗakin duhun da Isma'ila ke wanke hoto, a kan igiyar shanya, da ɗan maƙalin katako. Ya yanka takarda babba daidai girman da ta ce, ya sa a ambulan ya ajiye a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce zai buga, yana jira ne hannunsa ya sami sarari.